Ban Sallama Ba

Ran Talata aka kira ni bene.
Sau ɗaya na taɓa taka matakalar nan,
shekarar da injin ya cinye mini yatsu biyu
aka hau da ni in dangwala da waɗanda suka rage.

Sanyin buro ya kama mini gwiwa.
Darakta, sa'an Ma'azu ɗana na fari,
ya turo takarda da ɗan yatsa guda
kamar mai kore ƙuda daga bakin ƙwarya.
"Baba Nomau, gyaɗa ta yi tsada,
man waje ya cika kasuwa.
Jaka ɗari shida. Ga alƙalami."

Na dubi sifili biyar a jere
kamar ƙwan zabi da ba a san na kirki ba.
Na ce, "Albarka."

Ya ɗago. "Baba, nan fa ba kara ba ne."
Na ce, "To me ya kawo tayi?
Duk wanda ya taya ya san akwai albarka."

Shekara ashirin da uku.
Daminar da Gulbi ya cika ya tumbatsa
na zo aiki da wandona a ka.
Daren da tukunyar tururi ta yi kukan mutuwa
kowa ya nemi ƙofa,
tambayi maigadi wanda ya koma ya rufe ta.
Ƙanshin tunkuza ya zauna mini a fata,
ko a sahun Asuba a Bagalam
makaho na gane ni kafin in yi sallama.

Arzika na sandika ya riga ya ja mini kunne:
kada ka sa hannu ranar da aka kira ka.
Na naɗe takardar, na ce zan kwana da ita.

Kwana uku tana ƙarƙashin matashi.
Tsahara ta ce, "Karɓi, malam, kada su fasa,
da babu gara ba daɗi."
Ban amsa ba, don tsoronta nawa ne.
Hurera kuwa ta yage bayan littafin lissafi,
ta jera mini hutun shekara huɗu da ban ci ba,
da watannin gargaɗi, da daren da ba a biya ba,
ta ja layi: miliyan biyu.

Ran Juma'a na koma da rigar Salla.
Ya karanta rubutun yarinyar har sau biyu.
"Ɗari tara."
Na yi shiru.
Wurin mahaifina na koya, a gindin turken rago,
shiru ma ciniki ne.
Agogon bango ya yi ta tauna lokaci.
"Miliyan da ɗari biyu, iyakata ke nan."
Sai na ɗora hannun dama a kan tebur.
"An biya ka wannan tun tuni," in ji shi.
"An biya ni kuɗin allura."

Miliyan da ɗari huɗu.

Na ce, "Saura gyara.
Tsohon injin matsa da ke bayan sito,
wanda awaki ke fakewa ƙarƙashinsa."
Ya yi dariya. "Ai wannan ya gama aiki."
Na ce, "Ni ma haka takardarka ta ce."

Bai sake dariya ba. Ya rubuta.
Sannan na ce, "Na sallama."

Jaka ɗari shida na nan a bene, ban yafe ba,
ban kuma koma ba.
Amalanke ya ɗauko mu da la'asar, ni da injin,
jaki na nishi, yaran Mokoyo na bin mu da ihu.

Har yanzu ƙarfe biyar nake farkawa
kamar wani na jira na da rajista.
In fito tsakar gida, in zuba masa baƙin mai,
in saurari tarinsa.
Jiya ya ɗiga cokali uku.
Tsahara ta dangwala, ta lasa,
ta ce da sauran gyara,
amma ta je ta wanko kwalba.