Ɗigo Ɗari Uku a Kowane Inci

Kakata Ladidi ba ta taɓa riƙe magwaji ba.
Shekara talatin da 'yan kai a kasuwar Nima,
daga kan hancinta zuwa ƙarshen yatsa
yadi ɗaya ne, ko wa ya zo.
In kin shiga ranta, sai ta ɗan kau da fuska hagu,
yadin ya ƙaru da taƙi guda, ba ta ce komai ba.

Da ta rasu aka ce ai ni ce mai zane a gidan,
in fito da fuskarta kafin sadakar arba'in.
Dare huɗu ina gaban kwamfuta,
wuta ta ɗauke, ta dawo, ta sake ɗaukewa.
Na sa wushiryarta.
Na sa billen kuncin dama.
Na sa ɗaurin ɗankwalin nan mai karkata,
kullum kamar zai faɗi, bai taɓa faɗuwa ba.

Na hau tarotaro zuwa Kokomlemle,
shagon Ofori, bayan masu sayar da tawada.
Inji ya yi tari, ya turo ta waje.
Fuska ta fito bulo-bulo
kamar ginin da kuɗin shafe ya ƙare masa.
Wushirya ta toshe, bille ya koma tabo.
Tsohuwa ce dai, amma ba tawa ba.

Ofori ya ɗaga takardar, ya kalle ni,
da Hausarsa ta zaman zango:
"Ƙanwata, ɗigo nawa kika zuba a inci?"
Na ce wane ɗigo?
"Fiksil. Saba'in da biyu ne nan.
Gilashi yana rufa asiri, takarda ba ruwanta."
Na ce to a ja shi mana ya yi girma.
Ya yi dariya har haƙorin zinarensa ya fito:
"Koko ne, ki ƙara ruwa?
Kofi zai cika, ciki ba zai cika ba."

Ya juya bayan rasit, ya ciro biro daga kunne.
A3: faɗi milimita ɗari biyu da casa'in da bakwai,
tsawo ɗari huɗu da ashirin.
Raba kowanne da ashirin da biyar da ɗigo huɗu,
inci ke nan.
Ninka da ɗari uku.
Dubu uku da ɗari biyar da takwas a kwance,
dubu huɗu da ɗari tara da sittin da ɗaya a tsaye.
"Kafin ki ja layin farko za ki sa wannan,
ba a haƙa tushe bayan an yi rufi."

Na biya sidi goma kuɗin baƙuwar tsohuwa,
na naɗe ta, na sa a jaka,
don na kasa jefa ta a kwandon shara.

A hanya na yi lissafi da waya:
ɗigo miliyan sha bakwai da ɗoriya
kafin wushirya ɗaya ta buɗe a takarda.
Ita kuwa da hannu ɗaya da hanci
ta auna suturar rabin unguwa,
ta biki, ta suna, har da likkafani.

Daren nan na buɗe sabon farin fili,
na rubuta lambobin ina duba rasit sau biyu.
Sai ga saƙon Ofori:
"Na manta. Bar milimita uku a kowane gefe,
rabon wuƙa ne, wurin yanka."

Na daɗe ina kallon ɗan akwatin da ke jiran lamba.
Fanka ta tsaya, ladan na gyaran murya a Mamobi.
Na ɗan kau da fuska hagu,
na rubuta biyar.