Bangon Baya

A Swansea ruwa ba ya sallama,
tun Litinin yake dukan tagar kicin.
Dilwyn ya ja igiyar awo har gindin tuffa:
"Mita uku, Eirlys. Mu rushe bangon baya.
Dillali ya ce faɗin madafa
ke sa mai saye ya manta da tayi."

Ita ko ta ja ƙofar kabad, ƙofar ta biyo hannunta.
"Ga inda gidan ke ciwo.
Sabon famfo, sabon murhu, fenti.
Bashin banki taɓarya ne,
kowa ya haɗiya a tsaye zai kwana."

Magini ya rubuta fam dubu arba'in,
kafinta sha biyu.
Takardun suka yi sanyi ƙarƙashin butar shayi
har danshi ya lashe sifili ɗaya.

Da furanni suka fito, mai saye ta zo,
jariri a ƙirjinta.
Ba ta auna bango ba, ba ta taɓa kabad ba.
Ta tsaya inda rana ke zuba kan tebur:
"Itacen can, yana 'ya'ya?"

Dilwyn ya naɗe igiyarsa a hankali.
"Tsami gare su," in ji shi.
"Amma yana yi."