Babi na Uku

Sau huɗu Dakta Gambo yana mayar mini da shi,
jan biro ya ɓata gefen takarda kamar an yanka zakara.
"Uwani, ina kika dosa?
Adabi ne, kiɗa ne, fim ne, ko zane?
Taura biyu ba ta taunuwa,
ke kin cusa huɗu a baki."

Na naɗe kundina, na hau bas a Samaru.
Kwangila, Tudun Wada, Ƙofar Doka,
kwandasta yana ƙirga canji, ni ina ƙirga shekaru:
uku sun tafi,
kuɗin rajista na huɗu yana wuyan saniyar Inna.

A wani lungu bayan Ƙofar Kuyambana
na iske Baba Tanimu magini,
farcensa ya rine da makuba tun ban zo duniya ba.
Na karanta masa tambaya ta bakwai yadda aka tsara:
"Mene ne ma'anar wannan zane na fuskar soro?"
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Ma'ana? Ranar da na yi shi
mahauta na biki a bayan katangar nan.
In makaɗi ya matse kalangu a hammata,
layina ya hau.
In ya saki, ya gangaro.
Wannan ƙullin da kike kira dagi,
nan ne maroƙi ya tsaya ya haɗiyi yawu."

Ban san layin da zan rubuta wannan a kai ba.
Na dai ɗauki bangon a waya,
daga zanko zuwa dokin ƙofa, hannuna yana rawa.

Sabon Gari, shagon Ƙasimu mai tace hoto,
janareta na kuka, fanka ta mutu.
Bai san Baba ba, ban faɗa masa komai ba.
Ya kalli bangon yana wucewa a kwamfuta,
sai yatsunsa suka fara dukan tebur.
"Anti, ginin nan yana da kiɗa.
Nan zan yanka. Da nan. Ji, ya numfasa."
Daidai kan ƙullin ya yanka.

Ruwan Agusta ya kwana uku yana zuba.
Da na koma, soron ya durƙusa,
azara a waje kamar haƙarƙari.
Magada sun riga sun sauke bulo.
Na tsaya da takardar tambayoyi a jaka,
saura goma sha ɗaya ban yi ba.

Baba ya karɓi tsinken tsire a hannun wani yaro,
ya tsuguna kan jiƙaƙƙiyar ƙasa,
yana gunguni, rabi waƙa rabi nishi,
kalmomin maroƙin da ya shekara arba'in a kabari.
Layi ya hau.
Layi ya gangaro.
Ya haɗiyi yawu, ya ƙulla.
Akuya ta bi ta kai kafin in ciro waya.

Daren nan ban buɗe littafin kowa ba.
Na rubuta abin da ƙasa ta riƙe na minti biyu,
na bar jimla ta yi tsawo inda ya matse,
na gajarta inda ya saki.
Sauro ya sha rabonsa. Asuba ta same ni a shafi na sittin.

Karo na biyar.
Dakta Gambo yana karatu, bai ce uffan ba,
jan biro na kwance da murfinsa.
Na sunkuyar da kai don kada in ga fuskarsa,
sai na hangi ƙafarsa a ƙarƙashin tebur,
ta zame daga takalmi,
babban yatsa yana hawa,
yana sauka.