Man Giyar Baya

Iskar Patagoniya ba ta sallama.
Ta shigo rumfa, ta kifar da bokiti,
ta same ni kwance a kan buhun ulu
ƙarƙashin a-kori-kurar da Baba ya bari,
ina laluben noti a ƙugun tulun baya.

Mako uku ke nan tana gurnani a kwana.
In mun sauka gangaren kogin Baker
sai ta kama kakkarwa, kaf-kaf-kaf,
kamar mai taunar tsakuwa a cikin wake.
Nibaldo ya ce a sayar.
Na ce sai dai bayan raina.
Ba mu ƙara magana ba har jiya.

"Kwance na sama tukuna, Eduvina,"
haka Baba ke cewa, kofin mate a hannunsa.
"In kin tsiyaye, na saman ya ƙi buɗuwa,
kin zauna ke nan, ke da mota,
gari kuwa yini guda ne a kan hanya."

Na sama ya yi gardama, ya buɗe.
Na ƙasa na murɗa, man ya sauko
baƙi ƙirin, mai kauri, a sanyin safiya,
warinsa na farar wuta da baragurbi,
warin rigar Baba ranar Asabar.
Na kau da kai. Ba warin ne ya sa ba.
Iska ce, in an tambaya.

A maganaɗisun noti ga garin ƙarfe
ya tsaya cirko-cirko kamar gemun kwana uku.
Na murza a yatsa. Laushi. Ba ɓarɓashi.
Haƙora dai ba su zube ba,
shekaru ne suka ci rabonsu a giya.

Sai ga takalmi biyu a bakin rumfa,
na san su da facin da ke diddige.
Bai gaishe ni ba. Ya tsuguna,
ya turo 'yar kwalba ta ƙarƙashin mota,
ba ta kai tafin hannu ba,
ga tambarin kantin Cochrane a wuya.

"Wannan ake fara zubawa," in ji shi.
"Akwai faifai a ciki, jere, suna manne.
In taya ɗaya ta faɗa taɓo tana wulwulawa,
su ke riƙo, su miƙa ƙarfi ga 'yar'uwarta.
Amma a kwana dole su ɗan saki,
ta waje ta yi nisa, ta ciki ta rage.
In babu wannan, sai su cije su saki, su cije su saki,
shi ne kukan da kike ji a taya."

Rabon da ya jera mini kalmomi haka
tun ranar da aka raba tumaki.

Na matse kwalbar har ta yi kuka.
Ya riƙe jarka, ina buga famfo,
man sabo, kalar zuma, yana hawa tiyo a hankali,
sanyi ya sa shi nawa.
Na sa ɗan yatsa a rami: da saura.
Na ƙara. Ya leƙo baki, ya gangaro,
ya bi hannuna har gwiwa, ya shige riga.
Nibaldo ya yi dariya. Na ɗaure noti biyu,
na goge tulu da tsohuwar safa ɗaya.

A filin da muke sausayar tumaki
ya ce in zana takwas, sau goma, a hankali,
man ya ratsa tsakanin faifai.
Takwas na farko ta yi gurnani.
Na uku, ta yi ƙasa-ƙasa.
Karnuka na bin mu, sun rasa gane wannan tafiya.

A na bakwai ban ji komai ba
sai iska da ƙarar ƙofar da ba ta rufuwa.
Nibaldo ya dafa gaban mota, ya saurara,
kansa a karkace, yadda Baba ke yi.
Bai ce a sayar ba, bai ce a bari ba.
Ya ce, "Akwai itace a gindin dutse,
ƙanƙara na tafe. Juya."