Gardama a Bayan Ƙyaure

Ƙarfe bakwai ta yi, Bagalam ta yi tsit,
har kukan awakin Mokoyo muna ji.
Na jawo ƙyaure, na sa sakata,
'ya'yana biyu suka buɗe tasu kasuwar a tsakar gida.

Mantau ne ya fara, yana shafa tankin babur
kamar mai jinya:
"Kwana tara rabonsa da shan mai.
Wanda ya ba ni shi kuwa bai san doka ba,
jika biyu yake jira kowane dare
ko na fita ko ban fita ba.
Ku masu ƙarshen wata
kun ce a zauna. A zauna a ci me?
Tukunya ba ta jin sanarwar rediyo."

Tsahara na wanke hannu, karo na nawa ban sani ba,
fatar yatsunta har ta fara tsagewa.
Ba ta ɗago kai ba.
"Jiya wani dattijo daga Tibiri
ya riƙe mini bakin riga yana neman iska,
iskar nan da kake sha kyauta.
Kwalba ɗaya ta rage a ɗakinmu,
mutum uku ke kallonta.
Zo ka zaɓa mini wanda zan ba."

"Ke ma zo ki zaɓa mini," in ji shi.
"Tumatirin Gonda ya ruɓe a Jiratawa,
motoci sun yi layi a Ɗan Isa har direbobi sun san sunan juna,
mai awarar bakin tasha ta sayar da kaskonta.
Wa ya rubuta waɗannan?
Ku gawa kawai kuke ƙirgawa."

"Kasko ana sayen wani," ta ce.

"Da me?"

Nan ta yi shiru. Shi ma bai ji daɗin nasarar ba.

Ni dai ban tofa ba, kuma ga dalili:
shekara talatin ina ɗinki,
ban taɓa ganin ciniki irin na bana ba.
Ƙyallayen da nake sharewa a ƙarƙashin keke
su ne yau takunkumi, dala ashirin-ashirin.
Wanda annoba ta cika wa aljihu
ba shi ake ba alƙalanci ba.
Sai na sunkuya ina ta zura zare
a allurar da tuni ta sha zare.

Sai Cima ta yi tari daga ɗaka.
Sau ɗaya.
Uwarsu ce, shekara sittin da ciwon suga.
Ruwan buta ya tsaya a hannun Tsahara,
Mantau ya saki tsumma.
Muka jira na biyu
kamar masu jiran tsawa bayan walƙiya.
"Yaji ne ya sarƙe ni," ta ce,
"ku ci gaba da haukanku."
Ba wanda ya ci gaba.
Daren nan Mantau ya kai tabarmarsa zaure,
nesa da ƙofarta, bai ce don me ba.
Na ga Tsahara kuma tana tura jika biyu
ƙarƙashin sirdin babur, tana waige.

Da asuba ya tada injin,
ita ke da takardar wucewa, shi ke da ƙafa.
Ta hau baya, na ba su takunkumi biyu
daga yadin sallar da ba mu je idi da shi ba.
Ina jin su har kwanar masallaci:
"Ka ja shi ya rufe hanci!"
"Ki fara biyan kuɗin mai!"

Har yau ban san wa ya yi gaskiya ba.
Na koma kan keke.
Akwai guda arba'in da za a karɓa kafin azahar.