Mudun Babana

Babana bai bar mini gona ba,
bai bar mini ko akuya ba.
Mudu ya bari, na ƙarfe, bakinsa ya ɗan lanƙwashe,
da Littafi mai baƙin bango wanda gara ta ɗanɗana.
Ya ce, Habila, biyun nan kada ka raba su.

Kullum da asuba nakan baro Wusasa,
dutsen Kufena a bayana
kamar dattijon da bai gama magana ba,
in taka keke har Sabon Gari,
in kwance bakin buhu: masara, gero, wake, dawa.

A layinmu kowa ya san maƙerin nan
mai buga gindin mudu ya ɗan taso,
kaɗan ne, ido ba ya kamawa.
Aka ce mini, kai ma kai naka,
kasuwa ai ba coci ba ce.
Na ce na sani.
Sai dai wanda nake durƙusa wa ran Lahadi
ba ya zama a coci yana jirana,
tare muke hawa keken nan ran Litinin.

Tun daga nan suke kirana Fasto,
ba don girmamawa ba.

Ƙanena Kefas ya zo da mota mai baƙin gilashi,
ya ce kwangila ce, abincin 'yan makaranta,
ka rubuta buhu ɗari, ka kai saba'in,
sauran mu san yadda za mu yi.
Na dubi takardar, na dubi takalminsa mai sheƙi,
na dubi nawa da ƙusa ta riƙe.
Wallahi raina ya biya.
Na miƙa masa biro ɗinsa.
Bana ko gaisuwar Kirsimeti bai aiko ba.

Kada ku ɗauka ban taɓa faɗuwa ba.
Shekarar da Damaris ta kwanta a Shika,
kuɗin magani ya sha kaina,
na gauraya tsohon wake mai ƙwari da sabo,
na auna wa wata tsohuwa daga Tudun Wada,
har tana sa mini albarka.
Daren nan addu'a ta tsaya mini a maƙogwaro
kamar ƙayar kifi.
Rifkatu ba ta tambaye ni komai ba,
ta dai juya mini baya, ta rage fitila.

Kwana biyu ina neman tsohuwar nan.
Na same ta kusa da gadar Kubanni tana tallan daddawa.
Ta ce, ɗan nan, ai na tsince na dafa tuni.
Ta karɓi sabon waken tana dariya,
ni kuwa gemu duk hawaye.

Malam Shitu mai shagon gefena,
in azumi ya kama,
yakan aiko jikarsa da kwarya da kuɗi a ƙulle,
ba ya cewa a duba awo.
Shi da sallarsa, ni da tawa addu'ar,
amma wannan kwaryar ta fi mini lambar yabo.

Ban ƙi duniya ba, a cikinta nake cin tuwo.
Ina son rake, ina son hira a gindin ɗorawa.
Kwale-kwale ma a ruwa yake kwana,
ranar da ruwan ya shige shi ne ake kuka.

Har yanzu ɗakina yana yoyo ta kusurwar gabas.
Keken ma ya tsufa.
Da yamma nakan goge mudun da bakin riga,
in kife shi a kan Littafin,
in ce, Yesu, ga na yau.
Ka auna da kanka.
Inda bai cika ba, kai ka san hanyar cikawa.