Bayan Shafi Na Ƙarshe

Mu uku a teburin Sallau, Farin Gada,
littafin ya sha hannu har bango ya yage.

Lantana ta ce zuƙi ta malle ne:
wace na'ura za ta mulki garin
da wuta ba ta kwana?

Dalyop bai dara ba.
Babin da inji ya kori akawu
sau uku ya karanta shi.
Watan jiya banki ya sallame shi.

Ni yarinyar nan ce ta tsaya min a wuya,
wadda ta manta muryar uwarta
don na'ura ta fi iya tatsuniya.

Sallau ya tsiyaya shayi:
"In za ta iya da sanyin Jos, bismillah."

Sai wayar Lantana ta haska,
tallar littafi na biyu.
Ba wanda ya tambaye ta.